Wuraren da Ake Kai Baƙo a Birnin Kano: Tarihin Wani Jeri

Duk wanda ya taɓa yin baƙo daga nesa a birnin Kano, Bature ne ko mutumin Kudu ko ɗalibi daga wata jami'a, ya san hanyar da akan bi da shi. Akan fara da Gidan Makama, a tsallaka a tsaya a Ƙofar Kudu a dubi gidan sarki daga waje, a wuce ta Babban Masallaci, a ratsa Kasuwar Kurmi, a hau Dala, sa'an nan a ɓullo ta marinar Ƙofar Mata. In da sauran rana sai a kewaya da shi a nuna masa abin da ya rage na badala. Wannan jeri ya zauna daram, har ya zama tamkar tun fil'azal haka yake. Direban tasi ya san shi, malamin makarantar da ya kwaso yara a motar haya ya san shi, takardun da hukuma ke bugawa don baƙi su ma shi suke bi. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun jerin nan, a ga waɗanda suka tsara shi da lokacin da suka tsara shi, a kuma ga abin da ya sami wuraren da ke cikinsa tun daga ranar da aka fara kiransu kayan tarihi.

Kallo, ziyara da yawon buɗe ido

Ya kamata mu fara da kalmomi, domin su ne za su nuna mana inda al'adar ta tsaya kafin zuwan baƙuwarta. Bahaushe yana da kallo, yana kuma da ziyara. Kallo yana bukatar abin da ke motsi: kallon hawa, kallon dambe, kallon sharo, kallon wasan kura. Ɗan kallo yakan zo ne don wani abu yana gudana, idan aka tashi shi ma ya tashi. Da wuya a ji dattijo ya ce za shi kallon gini, sai fa in ginin sabo ne wanda ba a saba ganin irinsa ba. Ita kuwa ziyara mutum ake kai wa, yana raye ko ya rasu, kuma abin da ake nema a cikinta zumunci ne ko albarka ko lada. Wanda ya tashi daga Kano ya tafi Hubbaren Shehu a Sakkwato bai je duba irin ginin da aka yi a kan kabarin ba.

Yawon buɗe ido sabon ɗinki ne, wanda jaridu da gidajen rediyo suka yaɗa sa'ad da bukatar fassara ta taso. Abin lura shi ne yadda aka ɗinka shi. Kalmar yawo ita kaɗai ba ta da kyakkyawan suna a wurinmu, tunda ita ce a yawon banza da yawon dandi da yawon ta-zubar. Tafiyar da ake girmamawa a da ita ce mai dalili: fatauci, ko tafiya gabas neman karatu, ko aikin hajji, ko cin rani. Saboda haka da aka zo yi wa tafiyar ganin wurare suna, sai aka jingina mata buɗe ido don a wanke ta, watau a nuna cewa ilimi ake nema, ba zaman kashe wando ne ya tashi da mutum ba. Haka kuma gidan tarihi, ko gidan adana kayan tarihi, shi ma suna ne da aka ƙera wa abin da babu shi a da. Tarihi a wurin magabata a baki yake, da kirari, da waƙar makaɗan fada, da kundin malamai. Ba a san shi da ɗaki da maƙulli da mai gadi ba.

Baƙin da suka fara jerin

Kano ta daɗe tana karɓar baƙi. Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, Shehu Magili ya sauka zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Larabawan Gadamus da Tarabulus kuwa har unguwa suka kafa. Amma duk waɗannan aiki ne ya kawo su, kuma ba su bar mana bayanin abin da idonsu ya gani a kan hanyoyin gari ba. Wanda ya fara shigowa da niyyar ya duba ya rubuta shi ne Kyaftin Clapperton, mutumin Birtaniya, wanda ya iso cikin watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya caɓa ado da kayansa na sojan ruwa don shiga gari, yana zaton za a taru a kansa, amma ko mutum ɗaya bai ɗaga kai ya dube shi ba, kowa na ta harkar gabansa. Ko da me ka zo an fi ka, in ji masu yi wa Kano kirari. Garin bai burge shi ba da farko, ya yi ƙorafin kududdufai da fadamar Jakara, amma kasuwa ta kama hankalinsa ƙwarai. Ya yaba da tsarinta da yadda ake sa ido a kan ciniki, har ya sayi laima ƙirar Ingila a cikinta, wadda ta ƙetaro hamada kafin ta iso hannunsa. Ya ƙiyasta mutanen gari tsakanin 30,000 da 40,000, ya auna ganuwa da ido, ya bayyana yadda ake rini.

Bayan shekara 27 sai ga Dokta Barth, Bajamushe, wanda aka sani a ƙasar nan da suna Abdulkarim. Ya shigo cikin Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman. Barth ya fi Clapperton natsuwa, ga shi kuma yana jin Hausa. Ya hau Dala ya zana hoton gari daga can, ya yi taswirar unguwanni da ƙofofi, ya kewaya a kan doki yana duban masu rini da masu saƙa da 'yan koli. Shi ne ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya kuma nuna cewa har Tumbutu da Tarabulus ana sanye da su. Waɗanda suka biyo baya, irin su Monteil na Faransa a 1891 da Robinson mai ƙamus a 1894, duk sun karanta Barth kafin su taso, saboda haka abin da ya gani shi suka zo nema.

In mai karatu ya tattara abin da mutanen nan suka tsaya a kai, zai ga dutse ne da ganuwa da kasuwa da marina da ƙofar fada. Jerinmu na yau ke nan, ba ragi, sai ƙarin gidan tarihi. Kuma dalilin zaɓen a fili yake. Baƙo ne wanda ba Musulmi ba, ba ya shiga masallaci, ba ya wuce zaure, ba ya zama a gaban malami. Abin da ake iya gani daga kan doki ko daga kan dutse shi ya gani. Don haka ne Madabo, wadda ta fi kowace unguwa daɗewa da karatu, ba ta shiga jerin ba, haka Sharifai inda zuriyar Magili suke, haka makarantun zaure da ɗakunan littattafan malamai. Da Bakano na zamanin Dabo za a ce ya nuna wa baƙon da yake girmamawa garinsu, ina kyautata zaton wurin malamai zai fara kai shi gaisuwa, kasuwa ta biyo baya, dutse kuwa watakila ko zancensa ba zai yi ba.

Akwai kuma abu ɗaya da baƙin nan suka gani suka rubuta, amma mu muka sassauta murya a kansa. Clapperton ya bayyana rumfunan da ake sayar da bayi a Kurmi, Barth kuma ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara za su kai kimanin 5,000. Mai yi wa baƙo jagora yakan ambaci wannan a gurguje ya wuce zuwa rumfar masu sayar da linzami da sirdi. Tarihin kasuwar bai cika ba in babu wannan babi.

Ranar da ganuwa ta rasa aikinta

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa da Turanci a 1908, ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, wajen farkon ƙarni na 12, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Rumfa ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara faɗaɗawa a ƙarni na 17. A duk tsawon wannan zamani babu wanda ya ɗauke ta abin kallo. Kayan aiki ce, kamar garkuwa. Ta tare Kwararrafa wani lokaci, wani lokaci ta kasa. A ƙarni na 19 ita ce mafakar mutanen karkara in Maraɗawa ko Ningawa ko Damagarawa suka kawo hari, kuma shi ya sa aka kewaye fili mai yawa a cikinta wanda ba gidaje, don a yi noma a yi kiwo ko da an tsare ƙofofi. Kowace ƙofa da sarkinta, a rufe da dare a buɗe da safe, a karɓi abin da ake karɓa a hannun fatake. Ginin ƙasa kuwa kowa ya san halinsa: damina ta ci, rani a mayar. Ganuwar Kano ta rayu shekaru ɗaruruwa ne domin kowane rani ana fitar da jama'a su yi mata yaɓe su cike inda ya zube, kuma kududdufan da Clapperton ya yi ƙorafinsu, da yawansu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland ta iso. Sarki Alu ya sa an gyara ganuwar sosai kafin wannan rana, amma shi yana Sakkwato da yawancin mayaƙansa. Igwa ta yi aikinta ta wajen Ƙofar Kabuga, kafin rana ta yi tsaka an shiga gari. Da Gwamna Lugga ya iso bayan 'yan kwanaki, sai ya rubuta wa magabatansa cewa bai taɓa ganin irin wannan gini a Afirka ba. Ya ba da tsawon kewayenta mil 11, da ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50. Wannan shi ne yabo mafi girma da aka taɓa yi wa ganuwar a rubuce, kuma wanda ya kashe ta ne ya yi shi. Daga wannan shekara babu sauran harin da za ta tare, babu kuma dalilin da zai sa hakimi ya tara talakawansa su kwaɓa ƙasa. Ta fita daga kayan aiki ta koma abin nunawa, kuma tun daga ranar take zaizayewa.

Jirgin ƙasa, jirgin sama da hawan daba

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Gyaɗa ce ta fi cin moriyarta, amma ta kawo wani irin baƙo wanda ba a saba da shi ba, watau Baturen da ya zo hutu, ko matar ma'aikaci, ko marubucin da ke neman abin da zai cika littafi. Tsarin mulkin Turawa ya ƙara wa abin armashi a idonsu. Su suna Nasarawa, baƙi 'yan Kudu suna Sabon Gari, birni kuwa aka bar shi a hannun sarki da En'e. Saboda haka shiga birni ya zama wata 'yar tafiya ta musamman: a shiga ta ƙofa da safe, a ga zamanin da, a fito kafin la'asar a sha shayi. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano daga Masar, su ne na farko da suka taɓa sauka a Nijeriya. Bayan yaƙin duniya na biyu filin jirgin saman Kano ya zama zango ga manyan jiragen da ke tashi daga Turai zuwa Kwango da Afirka ta Kudu, kuma fasinjan da ya sami 'yan sa'o'i akan zaga da shi gari. Abin dariya a nan shi ne, wurin da suka fi so su tsaya su ɗauki hoton tsohon birni shi ne kan hasumiyar Babban Masallaci, ginin siminti wanda aka gama a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, bayan an rushe na ƙasa.

A wannan zamani ne kuma hawa ya sami suna na biyu. Hawan salla tsohuwar al'ada ce, wadda ake danganta tsarinta da Rumfa, kuma ma'anarta a wurin masu ita sananniya ce: hakimai su zo da jama'arsu su yi jahi su jaddada mubaya'a, sarki ya fita talakawa su gan shi, a Hawan Daushe ya je ya gai da mahaifiyarsa. Turawa suka zo da wata kalma daga Indiya, inda suka saba tara sarakuna a gaban wakilin sarkinsu, ita ce muka hausantar muka ce daba. Lugga ya tara sarakunan Arewa a Kano a farkon 1913, aka sake tara su a 1925 don Yarima mai jiran gadon Ingila, aka yi wa Sarauniya nata a Kaduna a 1956, aka kuma yi wani a Kaduna a 1977 lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya. Dawakin ɗaya ne, lifidi da sulke da kakaki duk ɗaya ne, amma wanda ake yi wa jahi ya sauya, an kuma kafa rumfa da kujeru don 'yan kallo na musamman. Hawan salla bai mutu ba saboda wannan, domin masu shi ba su daina bukatarsa ba. Hasali ma, daga cikin duk abin da ake nuna wa baƙo, shi ne kaɗai ya dace da ma'anar kallo ta asali.

Gidan Makama

Ajiye tsofaffin kaya da sunan hukuma ya fara ne a 1943, sa'ad da aka naɗa Kenneth Murray, wani malamin zane, ya zama mai kula da kayan tarihi na Nijeriya. Aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, aka yi dokar kare kayan tarihi a 1953, aka buɗe na Ikko a 1957. A waɗancan wurare sabon gini aka yi aka zuba kaya. A Kano kuwa sai aka ga cewa ginin da kansa ya isa abin nunawa, aka ɗauki Gidan Makama, aka sanya shi cikin gine-ginen da doka ta kare a 1959.

Abin da ake riwaitowa shi ne an gina gidan ne cikin ƙarni na 15 saboda Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama, kuma a ciki ya zauna kafin a gama gidan sarki na yanzu wanda ake kira da sunansa. Bayan jihadi sarautar Makama ta koma hannun Joɓawa, ta zama ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Da Turawa suka ci gari sun yi amfani da wani sashe na gidan a matsayin ofis, daga baya aka raba shi: wani ɓangare ya ci gaba da zama gidan Makama, wani ya zama makaranta, wani ya zama gidan tarihi. Kada mai karatu ya ɗauka cewa bangon da yake taɓawa a yau hannun maginan Rumfa ne ya shafe shi. Ginin ƙasa ba ya daɗewa ta wannan hanya. Abin da ya daɗe shi ne wurin, da fasalin zaure da soraye, da sanin yadda ake jera azara a ɗaure bakan gizo har ɗaki ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi ba. Wannan sani kuwa a kan magina yake, daga uba zuwa ɗa, kuma duk ranar da aka rasa mai biyansu su yi aikin, to, an rasa gidan ko da bangonsa na tsaye.

A ciki baƙo zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari masu sanye da ƙarfe, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna da na zamanin Turawa, da bayanin jihadi da na basasar da aka yi tsakanin Tukur da Yusufawa daga 1893, da kayan noma da na kiɗa, da ɗakin amarya da jerensa. Ƙyamaren nan sun fi komai tsaya mini a rai. An ciro su ne don a tsirar da su, kuma da ba a ciro su ba da tuni maƙera sun mai da su fartanya. Amma ƙyaure a jingine a ɗaki, ba ƙofa ba ganuwa, yaro ba zai gane nauyin abin da yake gani ba sai an yi masa dogon bayani. Ɗakin amarya kuwa wani abin lura ne daban. Lokacin da aka shirya shi, matan da ke zuwa suna ganin abin da ke ɗakunansu ne, har su yi mamakin a ce wannan ma tarihi ne. Jikokinsu na yau, waɗanda aka yi wa jere da kujerun kushin da firji, su kam da gaske tarihi suke gani. Gidan bai motsa ba, gari ne ya motsa ya bar shi.

Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya kuma buɗe makarantar boko a 1909, shi ma ya bi wannan hanya, ya zama gidan tarihi a hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙi Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ƙara wa jerin wasu wurare irin na zamani, watau gidan namun daji da madatsar ruwa ta Tiga da masaukin baƙi na Bagauda. Daga cikinsu gidan namun dajin ne ya shiga ran talakawa, domin a nan akwai abin da ke motsi. Duk wanda ya ga cinkoson yara a ƙofarsa ranar salla, ya kuma leƙa Gidan Makama a wannan rana, ya ga bambancin kallo da yawon buɗe ido da idonsa.

Abin da suna ya tsare da abin da bai tsare ba

Marinar Ƙofar Mata tana da allo mai cewa an kafa ta a 1498. Rini a Kano tsoho ne, wannan babu jayayya. Sai dai binciken marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa a manyan tukwane aka fara yinsa, kuma zurfafan karofin da ake shafe cikinsu da laso sun yawaita ne daga baya, su ne suka ba sana'ar damar bunƙasar da Barth ya tarar. A lokacin nan marina ba ɗaya ba ce, ba goma ba ce, suna ko'ina cikin birni da garuruwa irin su Kura, inda ake yin turkuɗin da Buzaye ke naɗawa. Ta Ƙofar Mata ta yi suna ne domin tana bakin hanyar da baƙo ke bi daga waje zuwa cikin gari. Da yadin kanti da rinin bature suka kashe kasuwar baba, wannan suna ya taimaka mata ta rayu, marina suka koma yin zannuwa masu ƙulli don baƙi. Amma cinikin baƙo ba shi da tabbas. Bayan hare-haren 20 ga Janairu, 2012, ƙafar Turawa ta ɗauke daga Kano, kuma mai ziyara zai ga karofi da yawa a bushe, wasu cike da shara. Kurmi ba ta shiga wannan hali ba, domin har gobe mai neman kayan doki ko turare ko maganin gargajiya ko tandu can zai nufa, baƙo ya zo ko kada ya zo.

Dala kuwa tana da masu ita. Masu haƙar ƙasa sun sami alamar narkar da tama a gindinta tun wajen ƙarni na 7, Tarihin Kano kuma ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda jama'a ke taruwa a gindin dutsen da baƙaƙen dabbobi, shi kaɗai ya shiga wurin tsafin ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Wannan shi ake gaya wa baƙo in ya hau yana haki. Amma ranar da dutsen ke cika maƙil ita ce ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, sa'ad da yara da 'yan mata da samari ke hawa cikin sababbin kaya, ana ciye-ciye ana kaɗe-kaɗe. Masana sun saɓa a kan asalin wannan al'ada, wasu na ganin ɓurɓushin taron zamanin Barbushe ne aka musuluntar, wasu na danganta ta da abin da ya faru bayan zuwan Musulunci. Ko wanne ne, babu hukumar da ta kafa ta, babu kuma takardar baƙi da ta yi mata talla.

Ganuwa ce ba ta da kowa. Doka ta kare ta, kuma tun 1979 akwai hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da tsofaffin gine-gine wadda nauyinta ke wuyanta. A ƙarshen shekarun 1960 wani Bature mai suna Moody ya bi ta ƙofa ƙofa ya rubuta yadda ya same ta, kuma duk wanda ya ɗauki littafinsa ya bi sawunsa a yau zai sha wuya kafin ya gane wasu wuraren. An ɗebi ƙasarta an yi tubali, an yanka jikinta fuloti fuloti, an kafa gareji da shaguna da gidajen mai a inda take, kududdufan bayanta an cike su an yi gini, ruwan da suke ɗauka ya koma kan titi da cikin gidaje. Ƙofofin kuwa faɗinsu na raƙumi da jaki ne, mota ba ta yarda da su ba. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka mayar da ita da siminti, kuma yawancin ƙofofin da ake tsayar da baƙo a gabansu ya ɗauki hoto irin wannan gini ne, sunan ne kawai na da.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan jahilci, kamar yadda akan yi a taron ƙara wa juna sani. Mutumin da ya gina ɗaki a jikin badala ya san sarai ko mece ce, watakila ma ya fi mai yi masa faɗa sanin sunan sarkin ƙofar unguwarsu. Matsuwa ce ta gari wanda mutanensa suka tashi daga dubu talatin na zamanin Barth suka koma miliyoyi, ga kuma masu hannu da shuni waɗanda takardar fili ba ta yi musu wuyar samu. Ganuwar da ake yi wa yaɓe duk shekara saboda tsoron mahara ba za ta tsaya da allon gargaɗi ba. In ana so wani yanki nata ya kai ga jikoki, sai an zaɓi yankin da za a iya riƙewa, a ɗauki magina aiki na dindindin, a sa kuɗin kwaɓa ƙasa a cikin kasafin kowace shekara kamar yadda ake sa kuɗin gyaran titi.

Hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tinƙaho da su a watan Disamba na 2024, a daidai shekarar da jami'an tsaro suka hana hawan Babbar Salla saboda rikicin sarauta, aka kuma sake hanawa a 2025. Ganuwa da Dala da Kurmi da gidan sarki kuwa, tun 2007 Nijeriya ta miƙa sunayensu cikin jerin masu jiran a duba su, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗan da akan duba shi ne ko abin da aka miƙa yana nan yadda aka bayyana shi.